Godiya ga Waɗanda Suka Gano Tsagewar Mariƙin Difarenshal Ɗin Motata, Suka Kuma Gyara Shi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya kiyaye ni, Ya kuma kiyaye duk wanda ya zauna kusa da ni a cikin motar nan a lokacin da ƙarfen bayanta yake tsagewa ba mu sani ba, ina so in miƙa godiyata ga mutanen da suka tsaya tsayin daka a kan aikinta har ta koma kan titi. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin ban nemi izininsu ba, amma duk wanda abin ya shafa zai gane kansa. Na ga ya dace in bayyana abin da kowannensu ya yi dalla-dalla, domin a san dalilin godiyar, kuma masu irin wannan mota su san abin da za su sa wa ido.

Motar ƙaramar motar gudu ce mai kujera biyu, injinta a gaba, tayoyin baya ne suke tura ta, kuma ta kwana biyu a duniya. Matsalar ta fara ne da wata ƙara mai nauyi, gwam, daga ƙasan but, wadda take fitowa idan na taka totur bayan na sake shi, ko idan na sauya daga giya ta ɗaya zuwa ta biyu, ko na sa giyar baya na fara motsawa. Daga baya sai wata 'yar karkarwa ta biyo baya, ana jin ta a kujera idan mota ta ɗauki gudu. Duk wanda ya ji ƙarar yana da nasa hasashen: wani ya ce shakazoba ce, wani ya ce salansa ce take bugun jikin mota, wani kuma ya ce haƙoran difarenshal, wato akwatin giyar da ke raba ƙarfin inji ga tayoyin baya biyu, su ne suka cinye, a nemi wani a sa.

Godiyata ta farko ga babban bakaniken da na kai wa motar take, saboda bai sa sifana a jikinta ba sai da ya zauna a gefena muka fita da ita. Ya sa na bi ta kan gargada, ƙarar ba ta fito ba, nan take ya ce a ajiye maganar shakazoba, domin abin da ya lalace a ƙafar mota kan yi ƙara ne idan taya ta faɗa rami, wannan kuwa ƙafata ce a kan totur take kiran ta. Ya kuma kasa kunne ko zai ji kukan nan mai tsawo da yake hauhawa tare da gudu, wanda shi ne alamar cinyewar haƙora ko boris, bai ji ba. Da muka koma gareji ya ɗaga motar, ya tsiyaye man difarenshal ya duba mayen ƙarfen da ke jikin notin tsiyaya, babu ɓurɓushin ƙarfe sai ɗan laushin tokar da ba a rasawa. Ya girgiza farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyin inji daga giyabos zuwa difarenshal, ya duba boris ɗin tsakiyarta da robar da ke haɗa ta da giyabos, ya juya shaf biyun da ke kai ƙarfi ga tayoyi, duk lafiya. Sai da ya kawar da waɗannan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sa dogon ƙarfe a ƙarƙashin difarenshal ɗin ya ɗan banƙara, sai ga shi yana ɗagawa yana komawa fiye da yadda kowace roba za ta bari.

A nan ne yaronsa ya shigo cikin labarin, kuma shi ma yana da kaso mai tsoka a wannan godiya. Shi ne yake riƙe da tocila, shi ne kuma ya ce, “Maigida, duba saman kunnen nan.” Abin da ya gani wani siririn layi ne ja-ja, na garin tsatsa, a daidai inda kunnen ƙarfen da ke ɗauke da bayan difarenshal ya haɗu da sandar da ta gitta ƙasan but. Maigidan ya bayyana mini cewa idan leɓɓan tsaga suna gogar juna, sukan niƙa ƙarfe ya zama gari, garin ya yi tsatsa ya fito waje, don haka irin wannan layi a kan baƙin fenti shaida ce mai ƙarfi. Ba su tsaya nan ba. Suka ɗage kafet ɗin but daga sama, muka ga fenti ya tsage a zagaye a wurare da dama, kowane zagaye kamar girman ƙwayar ido. Ɗigon waldar kamfani ne, wanda yake riƙe da sandar a jikin daɓen but, ya fara saki.

Wani abokina injiniya, wanda nake yi wa godiya ta musamman, shi ya fahimtar da ni dalilin da ya sa wannan ɗan wuri yake shan wahala haka. A motocin da kowace tayar baya take hawa da sauka ita kaɗai, difarenshal ba ya tafiya tare da tayoyi, a jikin mota ake ɗaure shi. Duk ƙarfin da ya murɗa tayoyi gaba, kwatankwacinsa yana murɗa akwatin difarenshal ɗin baya, hancinsa ya ɗaga sama, bayansa ya ja ƙasa, idan kuma an saki totur abin ya juya. Ya yi mini lissafi a takarda: idan inji yana ba da ƙarfin murɗawa Nm 300 (Nm, wato newton-mita, shi ne ma'aunin wannan ƙarfi), giya ta ɗaya ta ninka shi sau 4, difarenshal ya sake ninkawa sau 3, to abin da ya isa tayoyi ya kai Nm 3,600, kuma mariƙan nan ne suke tare martaninsa. Jikin mota kuwa a irin wannan wuri faifan ƙarfe ne da kaurinsa bai wuce milimita 1 ko kusa da haka ba. Ƙarfen ba ya karyewa don an yi masa bugu ɗaya mai ƙarfi. Gajiya yake yi, kamar yadda waya take karyewa idan aka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya. Ya ce tun a shekarun 1860 wani injiniyan jirgin ƙasa Bajamushe, August Wöhler, ya nuna cewa nauyin da bai kai ya karya ƙarfe a karo ɗaya ba zai karya shi idan aka maimaita shi sau da yawa. Ya ƙara da cewa masu ƙera motoci sun bi hanyoyi daban-daban wajen tarar wannan murɗawa, misali Mazda MX-5 da ta fito a 1989 an haɗa giyabos ɗinta da difarenshal da wata doguwar sandar alminiyum, ta yadda biyun suke zama kamar abu ɗaya. A tawa motar kuwa, kaso mai yawa na wannan aiki a kan kunne ɗaya yake.

Da aka sauke salansa da farfela da difarenshal ɗin kansa, sai aka ga mafarin abin. Bushin robar da ke cikin kunnen ya bushe, ya rabu da zoben ƙarfensa, ta yadda duk fizgar da ya kamata roba ta shanye sai ta zama duka kai tsaye a kan walda.

Yanzu na zo kan wanda, a ganina, ya yi aikin da ya fi kowanne wuya, wato dattijon mai walda, wanda dukanmu muke kira Baba. Da aka nuna masa tsagar, akwai wanda ya ba da shawarar a bi ta da walda kawai a rufe, aiki na ɗan lokaci. Baba ya ce shi ba zai sa hannunsa a irin wannan ba, domin tsagar da ido yake gani ba ita ce iyakar tsagar ba, kuma ƙarfen da ke gefenta ya riga ya gaji, idan aka rufe ta za ta sake ɓullowa a bakin sabuwar waldar. Ya sa aka kankare fenti da baƙin kwaltan da ke ƙasan motar har ƙarfe ya fito fes, ya fesa wani jan ruwa mai ratsa tsaga, ya bar shi ya jiƙa kamar minti 10, ya goge, sannan ya fesa farar hoda a kai. Muna tsaye muna kallo jan layin ya fara fitowa a kan farin, ya wuce inda muka zaci ya tsaya, ya lanƙwasa ya hau jikin sandar, har ya yi reshe na biyu da babu wanda ya gan shi a da. Ban taɓa ganin hujjar da ta rufe bakin gardama da sauri irin wannan ba.

Kafin ya kunna injin walda sai da ya sa aka cire batir, aka sauke tankin mai gaba ɗaya, aka kwashe kafet da duk abin da wuta za ta iya kamawa a cikin but, aka kuma tsayar da mutum a sama da tukunyar kashe gobara. Ya auna mazaunin tsohon kunnen ya ƙera wani ɗan ma'auni na ƙarfe da zai riƙe sabon a daidai wurin, saboda idan difarenshal ya karkace ko da kaɗan ne, kusurwar farfela takan sauya, karkarwa ta dawo, mahaɗanta kuma su ci da wuri. Ya huda ƙaramin rami a ƙarshen kowace tsaga domin tsayar da ita, ya gurje tsagar ta zama kwari yadda walda za ta shiga har ciki, ya yanke ɓangaren da ya gaji ya zubar. Sabon kunnen da ƙarfe mai kaurin milimita 3 ya yi shi, ya kuma ɗora faifan ƙarfafawa mai faɗi wanda ya raba nauyin zuwa sassan jikin motar masu ƙwari a hagu da dama. Na lura bai bar kusurwa mai kaifi ko ɗaya a faifan ba, duk ya zagaye su, ya ce a kusurwa tsaga take samun wurin farawa. Wuraren da ɗigon waldar kamfani ya saki, ya huda su ya cike da sabuwar walda. Bai kuma ja walda doguwa a lokaci ɗaya ba, sai ya yi kaɗan a nan, ya koma can, ya jira wuri ya huce, domin zafi mai yawa yana murguɗa siririn ƙarfe ko ya huda shi. Da ya gama ya sake fesa jan ruwan nan a kan aikinsa, hodar ta tsaya fara tas.

Ya kuma gwada murfin bayan difarenshal ɗin, wanda na zubin alminiyum ne, bai sami tsaga ba. Ya ce da ya samu, da sabo zai ce a saya, domin alminiyum yana narkewa a kusan digiri 660 na ma'aunin Celsius, amma fatar da ke samansa sai ta haura digiri 2,000, ga shi kuma zubin da ya daɗe yana shan mai ba ya karɓar walda mai tsabta. Mutumin da walda ce sana'arsa ya faɗi inda walda ba ta dace ba, wannan ya ƙara masa girma a idona.

Bayan walda sai rufe wuri. An shafa fentin kariya, an toshe bakin kowace haɗa da abin liƙe, an fesa kakin hana tsatsa a cikin sandar, inda zafi ya ƙone tsohon fenti kuma hannu ba ya kaiwa. Wajen zaɓen bushin an ɗan yi muhawara. Wasu suka ce a sa na roba mai tauri, ko ma na alminiyum zalla irin na masu tsere, domin difarenshal ya daina motsi. Babban bakaniken ya ce a mayar da irin na asali, tunda motar ta titi ce, kuma duk abin da bushin bai shanye ba jikin mota ne zai sha, ga ƙarar giya da za ta cika cikin motar. Ra'ayinsa na bi, kuma har yanzu ina ganin shi ne daidai. Ya sauya sauran bushin ɗin bayan tare, ya sa sababbin notuna masu lamba 10.9, wadda take nuna matakin ƙarfinsu, ya ɗaure kowanne da sifana mai awo bisa adadin da littafin motar ya tanada, ya zuba sabon man da ya dace da irin difarenshal ɗin, sannan aka daidaita tayoyin baya. Ya ɗiga fenti a kan kowane noti domin a gane idan ya motsa.

Ina kuma godiya ga direban motar janwe da ya ɗauke ta a kan bayan motarsa zuwa wurin Baba, bayan bakaniken ya hana a sake tuƙa ta ko da taku ɗaya, da ƙanena da ya bar mini motarsa duk tsawon aikin bai taɓa tambayar ranar da zan dawo da ita ba, da uwargida da ta yi haƙuri da dawowata gida da baƙin mai a hannun riga.

Mun fita gwaji tare da bakaniken, na taka totur na saki a kowace giya, na sa giyar baya, babu gwam, babu karkarwa. Ya umarce ni in dawo da ita bayan ta ɗan yi tafiya domin ya duba ɗigon fentin nan da bakin waldar, kuma daga yanzu duk lokacin da za a sauya baƙin mai a ɗage kafet ɗin but a haska ƙasansa da tocila. Na riga na koma dubawar farko, komai yana nan yadda aka bar shi.

Allah Ya saka wa kowannenku da mafificin alheri, Ya sa albarka a sana'arku da iyalanku, Ya ƙara wa Baba lafiya da ƙarfin ido, Ya kuma sa yaron nan mai tocila ya zama maigidan kansa cikin nasara. Na gode ƙwarai da gaske.