Yadda Na Koyi Zama da Hunturun Winnipeg

Karatu ne ya kai ni Winnipeg, babban birnin lardin Manitoba da ke tsakiyar Kanada, daga baya kuma iyalina suka same ni a can. Garin yana zaune ne a kan shimfiɗaɗɗen fili, babu dutsen da zai tare masa iskar arewa, babu kuma teku a kusa da zai sassauta masa yanayi, don haka yake cikin manyan biranen duniya da suka fi tsananin sanyi. Dusar ƙanƙara takan kwanta a ƙasa tun daga watan Nuwamba, ba ta kuma gama narkewa sai ƙarshen Maris ko cikin Afrilu. A watan Janairu, abu ne da aka saba gani ma'auni ya wuce digiri 20 ƙasa da sifili da dare, wasu ranakun ma ya kai 30 ko fiye. Mu da muka tashi a ƙasar Hausa mun san sanyi a matsayin abin da ake daurewa na 'yan sa'o'i: mutum ya lulluɓa, ya ji ɗumin wuta, kafin hantsi ya dubi ludayi rana ta kore shi. A Winnipeg kuwa ranar da sama ta washe tas, rana ta fito tana ƙyalli, sau da yawa ita ce ranar da sanyi ya fi tsanani, domin babu gajimaren da zai riƙe ɗumin ƙasa. Dauriya ba ta hana fata daskarewa a irin wannan rana. Abin da ke hana ta shi ne shirin da mutum ya yi kafin ya buɗe ƙofa.

Shirin yana farawa ne da duba hasashen yanayi kowace safiya, inda ake ba da lamba biyu: ta ainihin sanyin, da ta yadda jiki zai ji shi idan an haɗa da ƙarfin iska. Ta biyun ce ke yanke hukuncin abin da za a sa da tsawon lokacin da za a iya yi a waje. Hukumar kula da muhalli ta Kanada tana gargaɗin cewa idan wannan lamba ta faɗa tsakanin 28 da 39 ƙasa da sifili, fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30, idan kuwa ta kai 40, minti 5 zuwa 10 sun isa. Mutanen garin ba su manta da abin da ya faru a watan Disamba na 2016 ba, lokacin da wasu 'yan Ghana biyu suka ƙetaro iyaka da ƙafa daga Amurka ta kusa da garin Emerson, suka kwashe sa'o'i cikin dusar ƙanƙara, suka tsira da ransu amma suka rasa mafi yawan yatsun hannuwansu. Duk baƙon da ya iso daga ƙasashenmu nakan ba shi wannan labari, saboda na lura lambobi kaɗai ba sa shiga kunnen wanda bai taɓa jin gashin hancinsa ya daskare a numfashin farko ba.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin na fahimce shi sosai shi ne cewa laima ce babbar abokiyar gaba, ko da kuwa ta gumin jikin mutum ce. Kayanmu na gida kusan duk na auduga ne, ita kuwa auduga tana shan gumi ta riƙe shi a jikin fata. Mutum ya yi sauri zuwa tashar bas cikin kaya masu nauyi, ya ɗan yi gumi, sannan ya tsaya jira na minti goma, a nan ne sanyi ke shigarsa ta cikin rigar da ta jiƙe. Saboda haka rigar da ke manne da jiki ta zama ta ulu ko ta zaren roba da ke fitar da gumi, a bisanta rigar sanyi mai riƙe ɗumi, a waje kuma babbar kwat mai hula wadda iska ba ta ratsawa. Amfanin sa su hawa-hawa shi ne idan an shiga bas ko aji, inda ake da ɗumi, sai a buɗe zif ko a cire ɗaya kafin gumi ya karyo. Takalmi ya zama mai ɗan yalwa, domin wanda ya matse ƙafa yana rage gudun jini, kuma safa biyu a cikin matsattsen takalmi sun fi safa ɗaya sanyaya yatsu. Safar hannu ma wadda ke haɗe yatsu huɗu wuri guda ta fi mai rarraba su ɗumi nesa ba kusa ba. Kayan suna da tsada, amma shagunan gwanjo na garin cike suke da masu kyau, kuma a ganina gara mutum ya zuba kuɗinsa a takalmi da kwat ya yi tsimi a sauran. Ranar Juma'a ina sa kaftanina da hula kamar kowa, sai dai a ƙarƙashinsu akwai dogon wando da riga na ulu.

Akwai wani abu da ya shafe mu baƙar fata musamman. Yawancin bayanan da ake rabawa suna cewa fatar da sanyi ya fara ci takan yi ja sannan ta yi fari, alhali a jikinmu ba haka take bayyana ba, sai dai ta yi toka-toka, ta yi tauri, ta daina jin taɓi. Kunne, kan hanci, kumatu da yatsu su ne ke fara kamuwa, kuma alamar da ta fi ban tsoro ita ce zafin da ake ji ya ɗauke gaba ɗaya. Idan haka ta faru, ba a murza wurin, ba a kuma kara shi a wuta ko jikin na'urar ɗumama ɗaki, domin fatar da ba ta ji tana iya ƙonewa mai ita bai sani ba. Ana tsoma shi ne cikin ruwa mai ɗumi daidai ɗumin jiki, idan kuma ya tashi ya yi ƙuraje masu ruwa ko jinsa bai dawo ba, sai asibiti. Na koya wa yarana su riƙa duba fuskokin juna idan suna wasa a waje.

Kwashe dusar ƙanƙara kuwa aiki ne da ke da nasa ilimin. Wadda ke sauka a tsakiyar hunturu busasshiya ce marar nauyi, tana ƙara a ƙarƙashin takalmi idan an taka ta, iska kuma tana kwasarta ta tara ta a bakin ƙofa har ta kai gwiwa ko da ba a yi sabuwa ba. Wadda ke zuwa a farkon hunturu da ƙarshensa jiƙaƙƙiya ce, nauyinta a shebur kamar na kwaɓaɓɓiyar ƙasar gini. Wani dattijo maƙwabcinmu ne ya nuna mini yadda ake yi: a tura ta gaba da faffaɗan shebur maimakon a ɗaga, idan ɗagawar ta zama dole a durƙusa da gwiwa a ɗebi kaɗan, a kuma jefa ta ɓangaren da iska ke nufa don kada ta dawo. Ya kuma ce kada a jira ta gama zuba, a fita tun tana ƙanƙanuwa, domin da zarar an taka ta ko mota ta bi ta kanta sai ta danne ta zama ƙanƙara mai tauri wadda ba ta fita sai da ƙarfe. Mafi wahala shi ne tudun da motar share titi ke bari a mashigar gida, dunƙule-dunƙulen ƙanƙara ne gauraye da yashi, kuma idan aka bar shi ya kwana sai ya sandare. Likitoci suna gargaɗin masu hawan jini da ciwon zuciya game da wannan aiki, saboda sanyi yana tsuke jijiyoyin jini a daidai lokacin da zuciya ke aiki tuƙuru, shi ya sa matasan layinmu suke kwashe wa tsofaffi ba tare da an roƙe su ba. Bayan babbar zuba hukumar birni takan hana ajiye motoci a titunan unguwanni shiyya bayan shiyya, kowace da harafin da aka ba ta, don a samu damar sharewa, kuma wanda bai san harafin shiyyarsa ba zai iya wayar gari ya tarar da takardar tara, ko ya tarar an janye motar.

Baƙo yakan yi mamakin ganin wayar lantarki tana leƙowa daga gaban kusan kowace mota a Winnipeg. Ta wata 'yar na'ura ce da ke ɗumama injin, ana jona ta a soket na 'yan sa'o'i kafin tafiya, domin a irin wannan sanyi baƙin mai yana yin kauri, batir kuma yana rasa ƙarfinsa. Doka ba ta tilasta sa tayoyin hunturu a Manitoba kamar yadda ta yi a lardin Quebec ba, amma ni ban ga dalilin da zai sa mai iyali ya yi tuƙi ba tare da su ba, tun da robarsu ba ta sandarewa kuma tana rage nisan da mota ke zamewa bayan an taka birki. Gishirin da ake watsawa a titi yana daina narkar da ƙanƙara idan sanyi ya yi tsanani, sai a koma watsa yashi, don haka mahaɗar tituna takan yi santsi ko da ido bai ga komai ba. A bayan motata kullum akwai bargo, ƙaramin shebur, wayoyin tayar da batir, tocila da ɗan abin ci. Idan guguwa ta rutsa da mutum a babbar hanya, shawarar hukumomi ita ce ya zauna cikin motarsa, ya riƙa tayar da injin lokaci-lokaci, amma ya tabbatar dusar ƙanƙara ba ta toshe salansa ba, domin hayaƙin da ke komawa ciki yana ɗauke da iskar guba marar wari da ke kashe mutum cikin barci. Ita ce iskar da garwashin gawayi ke fitarwa, kuma wannan ya sa nake jan kunnen duk wanda ya zo daga gida: kaskon wuta da muka saba shiga da shi ɗaki da hunturu haɗari ne ko a can, balle a gidan da aka toshe kowace kafa tasa.

A cikin gida matsalar bushewa ce. Na'urar ɗumama ɗaki tana busar da iska har leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso, yara su yi haɓo. Man kaɗen da muka taho da shi ya yi mana amfani ƙwarai, tare da 'yar na'urar da ke fesa tururi a ɗakin kwana da yawan shan ruwa ko ba a jin ƙishirwa. Ba a kashe ɗumin gida ko za a yi tafiya, saboda ruwan da ya daskare a bututu yana kumbura ya fasa shi. Maƙwabta har yanzu suna ba da labarin hunturun 2013 zuwa 2014, wanda aka ce garin bai ga irinsa ba tun 1898, lokacin da sanyi ya nutsa cikin ƙasa har ya daskarar da bututun ruwan dubban gidaje.

Duhu ya fi sanyin taɓa mini zuciya. A ƙarshen Disamba yinin bai fi sa'a 8 da 'yan mintuna ba, rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, ta kuma faɗi wajen huɗu da rabi, ta yadda Azahar, La'asar da Magariba duk suke riskar mutum a wurin aiki ko makaranta. Nakan yi alwala a gida in sa huffin fata in riƙa shafa a kansa, sauƙin da na karanta a littattafan fiƙihu tun ina yaro amma ban san girmansa ba sai a nan, kuma ba na fita waje sai fuska da gemu sun bushe sarai. Likita ya shawarce mu da shan sinadarin bitamin D, domin ranar hunturu a wannan yanki ba ta da ƙarfin da zai sa fata ta samar da shi, fata mai duhu kuma ta fi buƙatar rana. Sai dai abin da ya fi magani tasiri a wurina shi ne fita. Mutanen Winnipeg ba sa kulle kansu: idan kogunan Red da Assiniboine suka daskare, ana share hanya a kansu daga mahaɗarsu da ake kira The Forks, jama'a su yi ta yawo da zamiya, a watan Fabrairu kuma ana yin bikin Festival du Voyageur a unguwar Saint-Boniface. Makarantu ma ba kasafai ake rufe su ba; idan sanyin haɗe da iska ya kai 45 ƙasa da sifili akan dakatar da motocin ɗaukar ɗalibai, amma azuzuwa suna buɗe. Na ga yadda baƙi da yawa suke shige ɗaki tun Nuwamba, kewar gida ta haɗu da duhu ta danne su, don haka na ɗaure wa kaina zuwa babban masallacin da ke titin Waverley da ziyartar 'yan uwa kowane mako. Idan muka haɗu a bakin ƙofa muna kakkaɓe takalma, wani ya ce, "Malam, yaya sanyi?" a amsa masa, "Lokacinsa ne, Alhaji," sannan a tambayi wanda ba a gani ba, a kuma shirya wanda zai leƙa shi.

Narkewar ma tana da nata aikin. A watan Maris rana takan narkar da saman dusar da yini, dare ya sake daskarar da shi, sai hanyoyin ƙafa su yi santsi fiye da na Janairu, kuma dole mutum ya riƙa gajerta taku, hannayensa a waje da aljihu. A lokacin ne ake janye tarin da ke jikin bangon gida don kada ruwansa ya gangara ɗakin ƙarƙashin ƙasa, a kuma buɗe bakin magudanar titi. Ɗumin kwana biyu ba ya nufin hunturu ya wuce. A farkon Afrilun 1997 wata babbar guguwar dusar ƙanƙara ta rufe kudancin Manitoba, narkewarta kuma ta taimaka wajen haddasa ambaliyar kogin Red da ta tashi dubban mutane daga gidajensu, ko da yake babbar magudanar da aka haƙa a gefen birnin ta kare Winnipeg kanta. Shi ya sa ba na cire tayoyin hunturu, ba na kuma mayar da shebur ɗakin ajiya, sai Afrilu ya kusa ƙarewa.