Ƙanena, kafin tayarka ta bar ƙasa

Ranar Asabar bayan la'asar, a tulin jar ƙasar nan da masu haƙar kuza suka bari a wajejen Rayfield da ke Jos, na tarar da samari wajen bakwai sun tara ƙasa da shebur sun yi ɗan tudu, sun haƙa rami a gabansa. Ɗaya daga cikinsu, bai fi shekara 16 ba, ya taho a guje yana zaune daram a kan sirdi, yana murza feda har bakin tudun, sannan ya fizgi kan keken da iya ƙarfinsa. Keken ya karkace hagu a sama, tayar baya ta daki gaɓar ramin, Allah ya kiyaye ya tokare da ƙafa. Abokansa suka ɗau ihu, mai riƙe da waya ya ce bai kama da kyau ba, a sake. Ya juya zai sake, kansa ko hula babu.

Na tare shi na ce ya dakata. Ya ce "To Yaya, na ji," irin amsar nan da ake ba babba don a rabu da shi. Kuskure huɗu ya yi cikin daƙiƙa uku, kuma babu ko ɗaya da ban yi ba. Na daɗe ina yin su ina ganin gwaninta ce, sai da ƙashin da ya haɗa kafaɗata ta dama da ƙirji ya karye, na yi wata biyu hannu a rataye, sannan na zauna na binciki abin da ke faruwa tsakanin taya da tudu.

Babban laifina shi ne fizgar kan keke. A kan kekunan iyayenmu, Raleigh da Phoenix, muka koyi tsallake lambatu da ramukan titi, kuma a can fizga tana aiki, domin gudun kaɗan ne, ƙasa kuma a shimfiɗe take. Ba mu da mai nuna mana, babu bidiyo babu komai, abin da jiki ya saba shi muka kai kan tudu. Amma wannan bai wanke ni ba, tun faɗuwar farko ya kamata in gane. Hannu biyu ba sa jan abu da ƙarfi daidai wa daida. Ɗaya zai ɗan rinjayi ɗaya, sai kan keke ya juya, keken ya kwanta gefe a sama, tayar gaba ta dira a karkace. Taya kuwa inda ta fuskanta can take bi da zarar ta taɓa ƙasa, jikinka kuma ya ci gaba inda ya dosa tun farko, nan za ku rabu. Ban da haka, wanda ya jawo kan keke zuwa ƙirjinsa ya riga ya naɗe hannuwansa tun bai dira ba, ba shi da sauran abin da zai shanye bugun ƙasa da shi.

Da na ga fizga tana kayar da ni sai na faɗa abin da ya fi ta muni. Tsoron kifawa ta gaba ya sa na riƙa tura mazaunaina har bayan sirdi, hannuwa a miƙe sambal, wai haka manya ke yi. Ga abin da ke faruwa. Tayar gaba ta bar bakin tudu ta fara sunkuyawa, ta baya kuwa tana kan hawa, nauyinka duk a kanta yana danne ta. Da ta iso baki sai tudun ya harbo ta sama kamar tutsun doki, sirdi ya bugi mazaunai, hannuwan da suka riga suka miƙe su fizge ka gaba. Kafin ka ankara kana kallon ƙasa ta saman kan keke. Wannan ne ya karya ni. Har gobe ina cewa shawarar ba ƙarya ba ce ɗungurungum: a gangara mai tsauri irin ta duwatsun Shere, ɗan ja da baya yana da amfani. Bakin tudun tsalle ne ba muhallinta ba, ni kuma ban tsaya tambayar ina ne muhallinta ba.

Tudun da muke ginawa ma yana da nasa kason. Tsakanin tayar gaba da ta baya a keken dutse na manya ya kai mita 1.1 zuwa 1.2. In fuskar tudu ba ta kai haka tsawo ba, tayar gaba za ta tashi tun ta baya ba ta fara hawa ba, kuma komai iyawarka sai ya harbe ka. Fuskar tana buƙatar tsawon keke ɗaya da rabi zuwa biyu, ta lanƙwasa a hankali kamar cikin ƙwarya, babu kusurwa a gindinta. A jiƙa ƙasar, a zuba kaɗan-kaɗan ana daɓewa da bayan shebur. Jar ƙasar Jos in ta bushe da rani marmashewa take, bakin tudu ya zaizaye bayan hawa goma, tsakuwa kuma ta riƙa gungurawa ƙarƙashin taya kamar boris. Mu kuwa gajere mai tsini muke yi, mu bar rami a tsakiya. Na sha faɗin cewa cike ramin aiki ne, baro nawa na ƙasa zai ci, ga shebur ɗaya tal. Gaskiya ne. Amma wata gaskiyar ita ce ramin ne ke sa masu kallo ihu, kuma ihun nake so.

Gudu da ido nake auna shi, ido kuwa yana ha'inci. A tudu mai kusurwar digiri 30, mai gudun kilomita 20 a awa zai yi kusan mita 2.7 a sama, cikin abin da ya ɗan haura rabin daƙiƙa. In ya ƙara kilomita 5 kacal, nisan ya wuce mita 4. Ƙarin da ba za ka ji a jikinka ba ya isa ya tsallakar da kai gangaren dira gaba ɗaya, ka faɗo a fili da nauyinka duka, wili ya lanƙwashe ko idon sawu ya gurɗe. In kuma ka rage, tayar baya ta daki gaɓa kamar yadda ta yi wa yaron nan. Mafi yawan ragewar kuma tsoro ne na ƙarshe: mutum ya taho daidai, saura mita biyu zuciyarsa ta karaya, ya ɗan taɓa birki. Birkin nan ya cinye gudun, ya kuma tura nauyi gaba a daidai lokacin da bai kamata ba.

Batun birki akwai tarkon da kekunan gwanjo ke zuwa da shi. Wanda aka haɗa don Ingila, birkin gaba a hannun dama yake. Na Amurka da yawancin ƙasashen Turai, a hagu. Na ari keke na hau ban duba ba, ba sau ɗaya ba. Matse birkin gaba a sama yana tsayar da taya, ka dira a kan tayar da ba ta juyawa, sai kifawa. Na baya ma in ka matse shi a sama kan keke yake sunkuyarwa.

Shi kansa keken fa? Ba duk mai manyan tayoyi da giya ne na tsalle ba. Masu ƙera keke suna raba su aji-aji bisa ma'aunin ASTM, ƙungiyar tsara ƙa'idojin ingancin kaya ta Amurka: aji na 2 bai wuce faɗowar santimita 15 ba, na 3 tsallen da bai kai santimita 61 ba, na 4 ƙasa da 122. Na yi tsalle da keken da bai kai ko'ina a nan ba, har bodinsa ya tsage a wuya, na kai aka yi masa walda na ci gaba. Kuɗin wani ba ni da shi, haka ne, amma bodin alminiyom da aka yi wa walda a bakin titi ba ya komawa ƙarfinsa, kuma ranar da zai rabe biyu ba ya sallama. Na duba keken yaron nan kafin in tafi. Maƙallin wilin gaba, wanda ake buɗewa da hannu ba sai da sifana ba, da yatsa ɗaya na ɓalle shi. Da wannan yake tsallake rami, abokansa shida suna tsaye, babu wanda ya taɓa sunkuyawa ya duba, kowa idonsa na kan waya.

To ga yadda ake yi. Sauke sirdi can ƙasa. Ka gama neman gudunka tun da nisa, saura tsawon keke uku ka daina murza feda, ka miƙe tsaye, fedoji biyu a daidaice, ɗaya gaba ɗaya baya, dunduniya ta ɗan yi ƙasa. Nauyinka a ƙafa yake, a tsakiyar keke, haɓarka saitin inda kan keke ya haɗu da wuyansa, hannu riƙo kawai yake yi. Yatsa ɗaya a kan kowane birki, a kwance ba matsa. Da ka iso gindin tudu sai ka lanƙwasa gwiwa ka danna keken ƙasa ta fedoji, kamar mai shirin tsallake kwata da ƙafa. Yayin da tayar gaba ke hawa sai ka fara miƙewa, ka ci gaba da tura ƙasa da ƙafafu har sai tayar baya ta bar baki. Nan ne sirrin yake, kuma nan kowa ke gaggawa: in ka gama miƙewa tun tayar baya tana tsakiyar tudu, sauran hawan tudun ne zai yi maka shi yadda ya ga dama. Tudun ne ke ɗaga keke, aikinka ka tsaya masa da ƙafa.

A sama ka saki jiki, ka bar keken ya taso maka ta hanyar lanƙwasa gwiwa da hannu. Wanda ya sandare kamar icce duk karkatar da ya tashi da ita da ita zai dira. Idonka a kan wurin dira, ba tayar gaba ba. Ka ɗan tura kan keke gaba don ya dace da gangaren, tayoyi biyu su sauka tare ko ta gaba ta riga da ƙiris. In a fili ne, tare ko ta baya ta ɗan riga. Ka miƙa ƙafafu su tarbi ƙasa, sannan su lanƙwashe su shanye bugun. Birki sai tayoyi biyu sun zauna.

Mai shokazoba ta baya ya duba abu biyu. In ka hau ka tsaya cik, ta nutse kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari. Sannan ɗan maɓallin nan, galibi ja ne, mai saita saurin dawowarta: in tana dawowa da sauri fiye da ta gaba, ita ma harbi za ta yi. Taya mai tub ga mutum mai kilo 70, iska wajen 28 zuwa 32 a ma'aunin psi. In ta yi laushi tana naɗewa a fuskar tudu.

Na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa, amma na san ba za ku karanta ba, ku da ba kwa iya kallon abu minti ɗaya ba ku ture shi da yatsa ba. Ku cike ramin nan. Tudu mai shimfiɗaɗɗen kai kamar tebur, tsayinsa bai wuce gwiwa ba, shi za ku hau sau ɗari kafin ku yi maganar wani, domin a kansa in gudu ya gaza a saman tebur za ka dira. Kada ka yi gudu. A'a, ba haka nake nufi ba, rashin gudu ya kayar da mutane fiye da yawansa. Ka yanke shawara tun daga sama, in ka taho ka taho, in zuciyarka ba ta kwanta ba ka kauce tun da nisa. Kada ka biye wa abokai, amma gudun da ya dace ba ka da hanyar saninsa sai ka bi bayan wanda ya iya tudun, tazarar keke biyar, ka kwaikwayi saurinsa. Ranar da iskar hunturu ke kaɗawa ta gefe ka haƙura. Jos a kan tudu take, wajen mita 1,200, filayen kuza ba su da abin tare iska, kuma taya in ta bar ƙasa iska kaɗan ta isa ta ture ta. In ka gaji, ko wani ya ce a yi na ƙarshe don waya, ka tafi gida.

Da so samu ne ma in ce ku bar tsallen nan sam har ku sami keken kirki. Na san ba za ku bari ba, ni ma ban bari ba.

Hular kwano ba ta da madadi, kuma a ɗaure igiyarta, yatsa biyu kawai su shiga ƙarƙashin haɓa. Abin da ke cikinta sau ɗaya yake aiki: in ta bugu da ƙarfi ya riga ya matse ko da bayanta bai nuna ba, sai a sake wata. Safar hannu da abin kare gwiwa su biyo baya. In ɗayanku ya bugi kai, ya yi amai, ko jiri, ko yana maimaita tambaya ɗaya, hawa ya ƙare, asibiti za a kai shi a ranar. Wanda ke kukan wuya ko baya kada a ɗaga shi a ɗora a babur, a riƙe kansa yadda yake a nemo mota da isassun hannuwa. Wanda kuma ya tokare da tafin hannu, yana jin zafi a gindin babban yatsa, kada a ce targaɗe ne a ja masa. Akwai ɗan ƙaramin ƙashi a wurin da karayarsa kan ɓuya a hoton farko, jini kuma bai cika isarsa ba, in aka bar shi yana iya ƙin haɗewa. A ɗaure hannun, in zafin bai tafi ba a koma a sake hoto bayan kwana 10 zuwa 14.