Lantanom a tanderun taurara ƙarfe, abinda na gani da idona

Lokacin da nake karatu a China aikin da aka bani shine taurara fuskar ƙarfe da naitirojin, wato a rufe ƙarfe a tanderu ana hura masa iskar amoniya a zafin digiri 500 zuwa 530, naitirojin ɗin dake cikin iskar yana ratsawa ta sama, fuskar tayi tauri cikin kuma yana nan da ƙwarinsa. Ba'a tsoma shi a ruwa irin na maƙera shi yasa baya karkacewa. Matsalar dai jinkiri ne wallahi, kafin taurin ya kai zurfin rabin milimita sai tanderu ya kwana biyu ko uku yana ci.

To sai malamina yace mu gwada lantanom, cikin ma'adanan nan da China ke haƙowa a Bayan Obo kusa da Baotou. Muka narkar da gishirinsa a alkohol muna ɗigawa cikin tanderu, ƙarfen kuma wani nau'i ne da ake kira 38CrMoAl. Ni abin kanwa ya tuna min, yadda ƴar kaɗan take sa wake ya nuna da wuri. Lantanom yana da kwaɗayin oksijin sosai, sai ya cinye dattin tsatsar dake tare fuskar ƙarfen, ga ƙwayar zarrarsa ta fi ta ƙarfe girma nesa ba kusa ba, in ta kutsa sai ta ɗan buɗa wa naitirojin hanya.

Karon farko da na yanka samfurin na goge na duba a madubin ƙara girma, zurfin ya fi na wanda ba'a sa wa komai ba alhali lokacinsu ɗaya, kuma farin layin da naitirojin ke samarwa a saman ƙarfen mai saurin ɓantarewa ya fi haɗuwa. Murna ta ɗebe ni, zagaye na gaba na ninka ɗigon ban tambayi kowa ba. Awa talatin na zauna ina gadin tanderu, abu ya fito fuskarsa duk dabbare-dabbare, zurfin ma bai kai na farko ba, ashe in yayi yawa taruwa yake a sama ya toshe hanyar da ya buɗe. Raina ya ɓaci sosai ranar don samfuri shida na lalata.

Daga nan na koma ƙara ɗigon kaɗan kaɗan ina rubuta komai a littafi, kuma ko samfuri ɗaya baya shiga tanderu sai na wanke shi da asiton, wani ruwan sinadari mai cire maiƙo, don ko maiƙon yatsa ka bari sai ya nuna a ƙarshe.