Wasiƙa daga Holan kan gwajin ƙasar noma

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana na Agege, Idi-Araba da kasuwar Mile 12, da fatan kowa yana lafiya. Tambayar da kuke ta maimaita mini a waya ita ce, wane irin aiki ne zai sa mutum ya bar Legas ya tare a garin Wageningen na Holan yana jujjuya turɓaya. Zan amsa a nan, sannan in taɓa batun sanyi da tsadar haya idan wuri ya ragu.

Aikinmu shi ne daidaita sakamakon gwajin ƙasar noma na ƙasashe daban-daban domin a iya kwatanta su. A garin nan ne cibiyar ISRIC take, wadda aka kafa a 1966 don tattara irin waɗannan bayanai daga ko'ina a duniya. Duk wanda ya taɓa auno wake da tiya a Dawanau ya zo ya sayar da robar fenti a Mile 12 ya san cewa ba a maganar riba sai an san girman ma'auni, kuma matsalarmu ke nan. Wani ɗakin gwaji yana auna tsamin ƙasa da ruwa zalla, wani kuma da ruwan gishirin kalsiyam, wanda yakan ba da lamba ƙasa da ta farko da kusan rabin maki. Hanyar Walkley da Black ta 1934, wadda har yanzu ɗakunan gwajinmu da yawa suke bi, tana gano kusan kashi uku cikin huɗu ne kawai na kabon ɗin da ke cikin ƙasa, alhali na'urar da ke ƙone samfurin tana gano shi duka. Wasu suna haƙa zurfin santimita 20, wasu 30. Manomin Jibiya da na Maraɗi duk jigawa suke kiran gonarsu, amma a tsofaffin takardu Nijar ta bi tsarin rabe-raben Faransa, Najeriya kuma ta bi na Amurka da na FAO, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, don haka taswirar takan sauya suna daidai kan iyaka.

Abin da ya fi cin raina shi ne takardu. Dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da ƙasa daga waje sai da izini na musamman don bincike, saboda gudun cututtukan shuka, don haka ƙullin turɓaya da bai cika tafin hannu ba sai ya yi ta jiran sa hannu. Bayanan da aka riga aka auna ma ba su fi sauƙi ba, domin kowace ma'aikata tana son yarjejeniya a rubuce kan wanda zai gani, da wanda zai wallafa, da ko za a bayyana ainihin wurin gonar. Bayan duk wannan wahala, an taɓa aiko mini da hoton wani tsohon rahoto daga gida, takardarsa ta yi ja, an buga shi da keken rubutu, lambobin fosfaras a jere gwanin sha'awa, amma babu inda aka rubuta ko hanyar Bray aka bi wajen auna fosfaras ɗin ko ta Olsen, babu zurfi, babu kwanan wata. Wani bawan Allah ya sha rana ya haƙa waɗannan ramuka, ga shi dole muka ajiye aikinsa gefe.

Kada ku ɗauka Turawa sun gama da wannan matsala. Faransa tana da nata tsarin na ɗibar samfuri a kowace tazarar kilomita 16, maƙwabtanta suna da nasu, har sai da Tarayyar Turai ta shigar da gwajin ƙasa cikin shirinta na binciken filaye mai suna LUCAS a 2009, ta ɗebo samfuri daga wurare kusan 20,000, ta kai su ɗakin gwaji guda. FAO kuma ta kafa GLOSOLAN, haɗakar ɗakunan gwajin ƙasa na duniya, a 2017, inda ake raba wa ɗakunan gwaji samfuri iri ɗaya a ga ko amsoshinsu za su zo daidai. A ganina wannan ta biyun ce ta fi dacewa da aljihunmu.

A taron Abuja na 2006 shugabannin Afirka sun yi alkawarin ɗaga amfani da takin zamani daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta, sai dai zuba NPK 15-15-15 a kowace gona ba tare da sanin abin da ta rasa ba asarar kuɗi ce. Ku da kuke aika kuɗin taki gida kowace damina, da 'yan'uwanmu masu lambun alayyafo da latas a gefen titunan Legas, idan kun kai ƙasa gwaji ku roƙi a rubuta muku hanyar da aka bi, da zurfin da aka haƙa, da ranar, da wurin, kuma ku adana takardar. Masu lambu kusa da magudanar ruwa su nemi a duba musu dalma.

Sanyi kam yana nan, haya ma sai addu'a. A gaida Sarkin Hausawa da jama'ar masallaci.

Naku, ɗanku kuma ɗan'uwanku a Wageningen.