Daga Yawuri zuwa Sakkwato a kan keke, da sunayen da babu su a littafina

Shekarata bakwai ina aiki a ɗakin kati na wani asibiti a Birnin Kebbi, uku daga ciki kuma ni ke riƙe da rajistar masu ciwon daji. Aikin ba shi da hayaniya. Duk wanda likita ya ce yana zargin kansa ce ke damunsa, fayil ɗinsa zai biyo ta teburina, in rubuta suna da shekaru da gari, da sashen jikin da ciwon ya kama, da matakin da ya kai. Akwai gurbi na ƙarshe, inda ake rubuta sakamakon gwajin nama, wato ɗan tsokar da ake yanka daga ƙullutun a kai ɗakin gwaji a duba da madubin likita. Wannan gurbin ne ya hana ni sukuni. Sai in buɗe shafi guda in tarar layukan da aka cike shi ba su kai waɗanda aka bari fayau ba. An rubuta wa mutum gwaji, ya ji kuɗin, ya ce zai je gida ya shirya, daga nan ba a sake ganinsa ba.

Wata likitarmu ce ta fahimtar da ni abin da wannan giɓin yake nufi. Ta ce mai bincike ba ya iya gina komai a kan zato. Idan ba a tabbatar da irin kansar ba, ba za a san wace ce ta fi yawa a ƙasar Yawuri ba, ko a wane shekaru take kama matan Argungu, balle a san irin maganin da ya kamata a tanada. Hukumar lafiya ta duniya tana ƙiyasta cewa sama da mutum 120,000 ke kamuwa da kansa a Najeriya duk shekara, amma ƙiyasi ne da ake haɗawa daga rajistoci irin tawa, kuma na san yadda tawa take.

Ita ce kuma ta ba ni labarin Terry Fox, saurayin nan ɗan Kanada da kansar ƙashi ta sa aka yanke masa ƙafa, ya tashi a 1980 zai ratsa ƙasarsu da gudu don tara kuɗin bincike. Ya yi kwana 143, ya ci kilomita 5,373, ciwon ya dawo masa a huhu, ya rasu a 1981. A wannan shekarar ta 1980 aka fara wani hawan keke a jihar Masachusets ta Amurka, wanda ake yi duk shekara don cibiyar kansa ta Dana-Farber, kuma zuwa 2024 abin da suka tara ya haura dala biliyan ɗaya. Ni dai ba biliyan na hango ba. Na hango kuɗin gwajin mutanen da ba su da hali na tsawon shekara guda, don gurbin nan ya cika.

Mu huɗu muka yi niyya, da mota ɗaya mai bin mu ɗauke da ruwa da kayan faci da wata ma'aikaciyar jinya, babbar mace da duk muke kira Anti. Muka zaɓi mu tashi daga Yawuri mu bi ta Koko da Jega da Kalgo, mu ratsa Birnin Kebbi zuwa Argungu, mu ƙare a Sakkwato ranar 4 ga Fabrairu, ranar tunawa da cutar kansa ta duniya. Sama da kilomita 300, cikin kwana huɗu. Mun zaɓi hanyar ne saboda ita majinyatanmu ke bi in an tura su gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Ita Gwaggona ta bi sau biyu kafin Allah Ya karɓi abinsa.

Darasin farko tun kafin a hau keke na same shi, a wurin neman gudummawa. Na shiga shagon wani Alhaji mai sayar da shinkafa, na zauna na yi masa bayani dalla-dalla a kan bincike. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To Malam, wai wa ke ciwon?" Na ce ba mutum ɗaya ba ne. Ya ce, "Ka kawo min mara lahiya in taimake shi. Amma bincike, ai wanga aikin gwamnati ne." Na fita raina a jagule, ina ganin bai gane ba. Daga baya na fahimci ni ne ban iya magana ba. Mutanenmu ba su da rowa a kan mara lafiya. Ko a masallaci aka yi shela bayan sallah, za ka ga mai ɗari biyu ya miƙa. Abin da suke so shi ne su san inda sadakarsu za ta sauka. Da na koma wurinsa bayan mako guda, ban ambaci kalmar bincike ba. Na ce masa akwai mata da ke zuwa da ƙullutu a mama, ana buƙatar gwaji kafin a san maganin da za a ba su, ba su da kuɗin, suna komawa gida su mutu ba a ma san sunan abin da ya kashe su ba. Ya yi shiru, ya tambayi kuɗin gwajin mutum ɗaya, ya biya na biyar. Magana ɗaya ce na faɗa sau biyu. Ta biyun ce kawai ke da mutum a cikinta.

A kan hanya kuwa, abin da ban lissafa ba shi ne iska. Mun yi wata uku muna atisaye da asuba tsakanin Birnin Kebbi da Kalgo, muna ganin mun shirya. Amma iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, mu kuma arewa muka dosa, don haka tun daga Yawuri a fuska take dukanmu. Leɓe ya tsage, ƙura ta shiga kaca, ga tireloli na wucewa suna ture mutum gefen titi. Ranar farko ƙaramin cikinmu ya ɓalle da gudu ya bar mu, kafin azahar muka same shi zaune a gindin bishiya ƙafa ta ɗaure. Daga ranar muka koyi jerawa a layi ɗaya, na gaba ya tare iska na ɗan lokaci ya koma baya, wani ya karɓa. Muna tashi bayan sallar asuba, muna sauka kafin la'asar, ba ma yarda dare ya same mu a hanya.

Kusa da Koko tayata ta baya ta yi faci karo na biyu, namu kayan suka ƙi kamawa, muka tura keken zuwa rumfar wani mai faci. Dattijo ne, yana aiki yana kallon rigunanmu. Ya ce, "Ku kuma mi kuka nema da kekuna cikin wagga ƙura?" Na faɗa masa. Bai ɗago ba, ya ci gaba da goga tif ɗin, can ya ce uwargidansa tana da shi. Daji ne, a mama, ya kai shekara. Na tambaye shi wane asibiti suka je. Ya ce ba su je ba, ai kowa ya sani daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe. Ƙanwarta da aka kai asibiti aka yi mata aiki, ba ta yi wata huɗu ba ta rasu.

Na san wannan maganar, na sha jin ta, kuma a da ina ɗaukar ta jahilci ne kawai. A rumfar nan na ga ba haka abin yake ba. Mutumin nan shaida ya gani da idonsa. Abin da bai sani ba shi ne ƙanwar matarsa ta isa asibiti ne bayan ciwon ya riga ya bazu, kamar yadda mafi yawan waɗanda nake rubutawa suke zuwa a mataki na uku ko na huɗu. Ana zuwa a makare saboda ana tsoron asibiti, ana mutuwa saboda an zo a makare, mutuwar kuma ta ƙara wa na gida tsoro. Ni da nake zaune da littafin, rabin zagayen kawai nake gani. Ban yi masa gardama ba, don ba ni da abin da zan ajiye a gaban kabarin ƙanwar matarsa. Na ce, "Baba, ko za ka bari Anti ta shiga ta gaishe ta?" Ya yi jim, ya ce gaisuwa ai ba a hana ta.

Anti ta yi kusan awa ɗaya a cikin gidan. Da ta fito ba ta ce mana komai ba sai da muka yi nisa. Ta ce ba matar kaɗai ta gani ba. Maƙwabta sun shigo, biyu daga cikinsu sun ja ta gefe sun nuna mata abin da ko mazajensu ba su sani ba. Haka aka yi ta yi a duk inda muka yada zango. Mu maza muna waje, yara sun kewaye kekuna, ana ɗaukar hoto, ita kuwa tana cikin gida tana koya wa mata yadda za su riƙa shafa mamansu suna dubawa, tana yi musu bayanin jinin da ke zuwa ba lokacin al'ada ba. Watanni kaɗan kafin nan, a Oktoban 2023, gwamnati ta shigar da rigakafin ƙwayar cutar da ke haddasa kansar bakin mahaifa cikin alluran yau da kullum, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kuma jita-jita ta riga ta zagaya cewa ta hana haihuwa ce. Ni da na buɗe baki a kan wannan a majalisar maza, kallo kawai na samu. Anti kuwa cewa take yi an yi wa jikarta, ga hotonta a waya. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, na daɗe da sanin karin maganar, amma mun tsara tafiya gaba ɗaya a kan maza huɗu da kekunansu, mun sa mace ɗaya a mota a matsayin mai ba da magani in wani ya faɗi. Ashe kekunan ganga ce kawai ta tara jama'a. Aikin a hannunta yake.

A Jega bayan Juma'a maza sun fi sakin jiki da aka zo kan ciwon hanta, don kusan kowa ya san wani da ciki ya kumbura ido ya yi ɗorawa. Da yawa ba su taɓa jin cewa cutar hanta nau'in B na iya rikiɗewa ta zama kansa ba, ko cewa akwai allurarta da ake so a yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa. A Birnin Kebbi kuwa maganar ba baƙuwa ba ce sosai, saboda shekarun da Dokta Zainab Shinkafi Bagudu da gidauniyarta ta Medicaid suka yi suna wayar da kai. Amma tazarar da ke tsakanin birni da rumfar mai facin nan ta fi ta kilomita.

Rana ta ƙarshe, daga Argungu zuwa Sakkwato, ita ce mafi wuya, kuma a ranar na fi tuna Gwaggo. Ni da lafiyata, da ruwa a bayana, ina jin kowane rami a ƙashina. Ita a motar haya ta bi, an matsa ta tsakanin fasinjoji, da ciwo a ƙirji. Gashi kuma ba zuwa ɗaya ba ne, ana yin sa ne kusan kullum har makonni, ga masauki, ga abinci, ga mai jinya da ya bar gonarsa ana tsakiyar noman rani, ga kuɗin mota da ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023. A littafina, wanda bai dawo ba ina rubuta masa kalma uku ne: bai dawo ba. Ban taɓa tambayar nawa ne kuɗin mota daga garinsu ba.

Abin da muka tara bai kai rabin abin da muka sa a gaba ba, kuma na ji zafin hakan. Amma tun ranar farko likitar nan ta kafa mana sharaɗi: kada kobo ya shiga asusun ɗayanmu, kuma kuɗin abincinmu da man motar daga aljihunmu. Duk gwajin da aka biya, ana rufe sunan majinyaci a ɗauki hoton rasit a tura zauren WhatsApp na masu gudummawa. Na so in ga kamar wahala ce marar amfani, har ranar da Alhajin shinkafa ya kira ni da kansa ya ce ya ga rasit na biyar, nawa ne na wasu biyar.

Da na koma bakin aiki na nemi izini aka ƙara gurbi biyu a rajistar. Ɗaya na lambar wayar wani ɗan'uwa, ɗaya kuma na tsawon lokacin da mutum ya yi da ciwon kafin ya zo, da inda ya fara zuwa: mai maganin gargajiya, ko kemis, ko asibitin ƙauye. Ranar Laraba bayan azahar nakan zauna in bi waɗanda ba su dawo ba da waya. Wasu lambobin ba sa shiga. Wasu in an ɗauka, sai dai in yi ta'aziyya, in rubuta ranar rasuwa, wanda shi ma mai bincike yana buƙata.

Uwargidan mai facin ta zo bayan mako shida, ɗanta ya rako ta, da 'yar takardar da Anti ta rubuta mata a naɗe cikin leda. An yi mata gwajin daga kuɗin tafiyar, sakamako ya fito, na cike gurbinta da hannuna. Ciwon ya riga ya yi nisa, likitoci sun ce abin da ya rage shi ne a rage mata zafi a tsabtace gyambon. Ɗaya daga cikin maƙwabtan nan biyu ta biyo ta, nata ƙullutun bai fi girman gyaɗa ba, an cire shi, tana zuwa karɓar magani. Ta biyun ba ta zo ba. Anti ta ce ta san gidan, kuma tana da biki a Koko bayan Sallah.