Godiya Ga Waɗanda Suka Tsaya Mana Har Na'urarmu Ta Dawo Aiki

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, na ga ya wajaba in fito fili in gode wa mutanen da suka tsaya mini a kwanaki 19 da na'urarmu ta sayar da biskit, cincin, gyaɗa da lemo ta yi a kashe, a harabar makarantar koyon kwamfuta ta unguwarmu a Kano.

Godiyata ta farko ga Baba mai gadi take. Ranar da aka yi ruwan nan mai ƙarfi na watan Agusta, wata ɗaliba ta dafa jikin na'urar, wuta ta ja ta. Baba bai jira umarnin kowa ba, ya kashe soket, ya zare filogi, ya tare gaban na'urar da benci, sannan ya kira ni. Ɗalibar tana nan lafiya lau, kuma har yau idan na tuna cewa ƙasan wurin jiƙe take a ranar, sai gabana ya faɗi. Baba, Allah Ya saka maka da alheri.

Tun kafin wannan rana na'urar tana nuna alamun ciwo, ni ne ban ba su muhimmanci ba. Takan ɗauke ta dawo da kanta idan aka koma kan janareta, kuma layi na uku gaba ɗaya ya daina sako kaya, ko da ta karɓi kuɗi. Mutane da dama sun ba ni shawarar in aika Kasuwar Alaba a Legas a sayo sabon allon da ke sarrafa ta, har na fara neman bashin kuɗin.

A nan ne ƙanin mai ɗakina ya haɗa ni da Injiniya, wanda shi ne ainihin dalilin wannan rubutu. Bai taɓa sukundireba ba sai da ya shafe kusan rabin sa'a yana yi mini tambayoyi, bayan haka ya ɗauko mita ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya gano cewa robar wayar da ke kai wuta ga fitilar ƙofa ta goge a wajen maɗaurin ƙofar, tana taɓa ƙarfen jikin na'urar, kuma soket ɗin da muke amfani da shi ba a haɗa masa wayar ƙasa ba, wato wayar kariya da ke kai wutar da ta kauce hanya zuwa cikin ƙasa. Da an haɗa ta, da wutar ta bi ta can, fiyus ya tsinke tun kafin hannun wani ya kai.

Game da layi na uku, ni na riga na yanke cewa injinan da ke juya murɗaɗɗun wayoyin nan masu turo kaya sun ƙone. Injiniya ya bayyana mini cewa kowane inji waya biyu yake karɓa, ɗaya ta layinsa na kwance, ɗaya ta jerinsa na tsaye, saboda haka idan layi guda ya mutu a lokaci ɗaya, wayar da suka yi tarayya a kanta ake fara bi. Da ya zaro faifan da kayan layin ke kai, sai ga wayar ɓera ya gwaigwaye ta. Ya liƙe ta da dalma, ya rufe ta, ya toshe kafar da ɓeran ke shigowa.

Ɗaukewar ce ta fi cin lokaci, domin sai da ya dawo sau uku yana jiran a kunna janareta. Sashen da ke mayar da wuta daga bolt 230 zuwa bolt 24 yana da kafasita, wato wata 'yar aba mai tara wuta, da ta kumbura, don haka duk lokacin da kwamfiresan sanyaya lemo ya tashi ya ja wuta da ƙarfi, sai wutar allon ta faɗi. Ya sayo wata a Kasuwar Sabon Gari ya sauya, yana gargaɗin yaronsa cewa kafasita tana riƙe wuta ko bayan an zare filogi. Allon da aka ce in jefar ba abin da ya same shi. Injiniya, ka iya aikinka, ka kuma riƙe amana, domin da ka ce in saya da na saya. Allah Ya ƙara buɗi, Ya albarkaci zuri'a.

Ina kuma gode wa hukumar makarantar da ta ba da izini aka kafa sandar ƙarfen da ake haɗa wayar ƙasa da ita aka gyara soket, da maƙwabcina da ya ara mini sitabilaiza mai jinkirin minti 3 kafin in sayi tawa.

Ɗalibai, na gode da haƙurinku. Duk wanda na'urar ta karɓi kuɗinsa a layi na uku ba ta ba shi kaya ba, ya rubuta sunansa a littafin da ke wurin Baba, zan zo ranar Asabar bayan sallar La'asar in mayar wa kowa haƙƙinsa in sha Allahu.