Kafin ka sa manhajar Ubuntu a kan Linux Mint, duba wannan layin

Duk mai gyaran kwamfuta a Gusau da ke ɗora wa tsofaffin laftof Linux Mint zai ci karo da wannan: shafin manhaja ya ba da fayil ɗin .deb (fakitin sa manhaja) na Ubuntu da na Debian, babu na Mint. Wanne za a sauke?

Na Ubuntu, amma sai wanda ya dace da zubin da ke ƙarƙashin Mint ɗinka. Mint tana ɗauko galibin kayanta kai tsaye daga rumbun Ubuntu, shi ya sa jininsu ya haɗu. Mint 21 a kan Ubuntu 22.04 aka gina ta, mai laƙabin jammy, Mint 22 kuma a kan 24.04, wato noble. Buɗe Terminal ka rubuta cat /etc/os-release, ka nemi layin UBUNTU_CODENAME. Abin da ke gabansa shi ne madogararka.

A nan ake yawan tuntuɓe. Wasu umarnin ƙara rumbu suna amfani da lsb_release -cs don gano laƙabi, a Mint 22 kuwa amsar wilma ce, wato laƙabin Mint ɗin kanta. Rumbun da aka yi don Ubuntu bai san wilma ba, sai apt update ya dawo da kuskuren 404. Maganin shi ne ka shiga /etc/apt/sources.list.d/, ka buɗe fayil ɗin wancan rumbun kaɗai, ka mayar da wilma noble. Kada ka taɓa fayil ɗin Mint na asali.

Tsakanin Ubuntu da Debian lamarin ya sha bamban. Ubuntu tana ɗebo kayan Debian ne ta sake harhaɗa su da kanta, don haka tubalansu ba lamba ɗaya ba ne. Dubi glibc, tubalin da galibin manhajoji ke dogara da shi: 2.35 a Ubuntu 22.04, 2.36 a Debian 12, 2.39 a Ubuntu 24.04. Manhajar da aka harhaɗa da sabon glibc tana iya ƙin tashi a kan tsoho. Wannan ya shafi masu kwafar .deb a filashi daga shago zuwa shago don tsimin data: fayil ɗin da ya hau lafiya a Mint 22 yana iya cijewa a Mint 21. Mai LMDE 6 (Mint ɗin da aka gina a kan Debian) kuma ya sani Debian 12 ke ƙarƙashinsa, PPA, wato ƙarin rumbun da ake yi don Ubuntu, ba tasa ba ce ko kaɗan.

Snap ma, wata hanyar sa manhaja ta Ubuntu, tun daga Mint 20 a toshe yake zuwa, ta fayil ɗin nosnap.pref da ke /etc/apt/preferences.d/. A ganina Flatpak, takwaransa da ke zuwa a shirye, ya fi sauƙi, sai dai saukewar farko tana cin data sosai.

Wajen sa fayil, yi amfani da sudo apt install ./sunan-fayil.deb maimakon dpkg -i, don apt ya jawo sauran abubuwan da manhajar ke buƙata. Fara da ƙara -s ka ga abin da zai faru ba tare da an taɓa komai ba. In ka ga zai cire cinnamon (fuskar tebur ta Mint) ko wasu fakiti masu yawa, dakata, ba naka ba ne. In kwamfutar kwastoma ce, ɗauki ajiya da Timeshift, manhajar adana kwafin tsarin kwamfuta, tukuna.